Dara, Hatimi da Wayar Salula: Ina Wasa Ƙwaƙwalwa Ya Tsaya, Ina Duba Ya Fara?

Duk wanda ya ratsa garin Madawa ko ya sauka kwarin Majiya a ƙasar Buza bayan an kai amfanin gona gida, da wuya ya rasa ganin dara. Ramu 30 ne a ƙasa, layi biyar, kowane layi gida shida. Wannan yana da tsinke 12, wancan yana da tsakuwa 12, wanda ya jera uku kuma ya ɗauke ɗaya daga na abokin karawarsa. A ƙa'ida wasan mutum biyu ne, amma a gindin dogon yaron nan da aka fara dasawa a Majiya tun 1975 don tare iska, sai a tarar da mutum goma sun sunkuya a kan ramukan. Wani ya yi gyaran murya, wani ya taka ƙafar mai wasa, wani ya kasa daurewa ya ce, “Haba, ba ka ga gidan can ba?” In an tashi, har gida ana ta gardamar inda aka yi kuskure.

'Ya'yan waɗannan dattawa suna da tasu darar a cikin waya. A fadar samari, tsakanin shayin farko da na uku, salula na yawo daga hannu zuwa hannu. Samarin wannan yanki na Adar mutanen tafiya ne: da rani gari kan yi shiru, wasu suna Abijan, wasu Legas, wasu Libiya. Zauren WhatsApp ne ke haɗa na gida da na bida, kuma ban da gaisuwa da sanarwar suna ko rasuwa, akwai abin da kan ta da zauren tsaye: wani ya jefo tambayar wasa ƙwaƙwalwa. Ga mutum da kura da akuya da damin harawa a bakin gulbi, jirginsa ba ya ɗaukar fiye da shi da abu ɗaya; yaya zai ƙetare da su lafiya? Kafin a kwana, mai sayar da albasa a Madawa da mai tura baro a Abijan sun haɗa kai sun gano cewa ƙetarawa bakwai ce, kuma dole a dawo da akuya sau ɗaya.

Iyaye da malamai suna da tuhuma iri biyu a kan wannan sha'ani. Ta farko ita ce wasa ne, ɓata lokaci ne, lagawu ne. Ta biyu ba a cika furta ta ba, amma ta fi nauyi: mutumin da ya saba neman ɓoyayyar ma'ana a bayan haruffa da lambobi, anya ba zai wayi gari yana leƙen abin da Allah Ya keɓe wa kanSa ba?

Tuhumar farko tsohuwa ce, kuma littattafan da ake karantawa a zaurukan Adar sun yi magana a kanta. A cikin Muwaɗɗa akwai hadisin da ya hana wasan nardu, wanda ake yi da jefa ƙwaya mai ɗigo, kuma Imamu Malik bai ga alheri a shataranji ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ɗalibi kan shiga bayan Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ta bi wannan hanya ta hana duka biyun. Malaman Shafi'iyya sun sassauta: suka bambanta wasan da ya dogara da sa'a da wanda ya dogara da tunani da lissafi, suka ce na biyun makaruhi ne kawai muddin ba a sa kuɗi ba, ba a bar salla ta fita lokacinta ba, ba a yi ashar ba. Waɗannan sharuɗɗa uku ba su tsufa ba. Saurayin da ya mayar da wayarsa gidan caca, ko wanda kiran asuba ya same shi ido biyu a kan allon waya sannan barci ya kwashe shi, hukuncinsa a bayyane yake, ba sai an kira taron malamai ba.

Sai dai malaman nan da suka yi tsanani a kan wasa su ne kuma suka fi kowa son ƙulla tambaya. Buhari ya kawo hadisin da Annabi (SAW) ya tambayi sahabbansa wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba, wadda ta yi kama da Musulmi. Mutane suka yi ta ambaton itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umar, yana yaro, ya gane dabino ce, amma kunyar manya ta hana shi magana. Da ya gaya wa mahaifinsa daga baya, Sayyidina Umar ya nuna da ma ya faɗa. Buhari ya sanya hadisin a babin da ke nuna halaccin shugaba ya jefa wa mutanensa tambaya don ya gwada saninsu. Daga nan wani fanni ya tsiro, na kacici-kacicin fikihu. Ibn Farhun, alƙalin Madina kuma babban malamin Malikiyya da ya rasu a 1397, littafi guda ya rubuta a kai, Durratul Gawwas. Har gobe ɗaliban zaure na cafke juna da irin waɗannan tambayoyi: wace magariba ce ake yi wa tahiya huɗu? Amsa ita ce ta wanda ya riski liman a zaman tahiyar farko. Ya zauna da shi, ya yi raka'a ɗaya ya sake zama da shi, sannan ya tashi ya kawo biyun da suka kuɓuce masa, kowace da zamanta. Wanda ya warware wannan ya fahimci babin masabuƙi fiye da wanda ya haddace shi.

Ɓoye magana cikin haruffa ma ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. A ƙasar Madawa kabarin Malam Jibril ɗan Umaru yake, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, kuma marubutan da suka fito daga wannan tsatso na ilimi sun saba rufe waƙoƙinsu da littattafansu da ramzi, wato kalmar da in an tara ƙimar haruffanta sai shekarar rubutu ta fito. A lissafin Magariba da malaman ƙasar Hausa ke bi, shin mai ruwa 1000 ne, ra 200, ya 10, ha ƙarami 8. In aka jera su huɗun, an sami 1218, shekarar da Shehu ya yi hijira zuwa Gudu, wato 1804. Wanda ya ɗauko lissafin mutanen Gabas, inda shin yake 300, zai sami 518, ya ɓata da shekara 700 cif. Mabuɗin yana hannun wanda ya yi karatu, kuma duk wanda aka ba shi zai buɗe ƙofa ɗaya da ta kowa.

Abzinawan Keita da Kel Geres na Arzarori da Galma suna da tifinag, rubutun da a gargajiyance ba a cika sa masa wasula ba, ba a raba kalmominsa, kuma ana iya fara shi daga dama ko hagu ko daga ƙasa zuwa sama. Karanta saƙon tifinag kansa warware ƙulli ne, shi ya sa matasansu suka daɗe suna wasa da shi da aika wa juna sirri. 'Yan matan Hausawa kuma suna da zaurance, inda ake cusa gaɓa ko a juya kalma don kada babba ya gane. Da dare ga gatana da kacici-kacici, wanda ya kasa amsa ya ba da gari. Yaron Adar ya san daɗin kwance magana tun kafin ya san hanyar lakwal.

Fannin kwance rubutun sirri kuwa, in ana neman wanda ya fara tsara shi a rubuce, sai an je Bagadaza ta ƙarni na 9, wajen al-Kindi. Ya lura cewa a kowane harshe wasu haruffa sun fi wasu yawan zuwa, kamar alif da lam a Larabci. Saboda haka in an musanya haruffa da alamomi, sai a ƙirga alamar da ta fi yawa a gwada ta da harafin da ya fi yawa. An gano risalarsa a ɗakin littattafan Sulaimaniyya na Istanbul, aka buga ta a Dimashƙu a 1987. Ɗan Buza da ke son gwada dabarar da Hausar boko zai fara ne da neman harafin a, domin babu wanda ya kai shi yawa.

To ina matsalar take, tunda malamai sun riga samari shiga wannan fage? Tana cikin wani ɗan zane mai gida tara da kusan kowane gida a Adar ya taɓa ganinsa, a allo ko a cikin laya.

Layin sama 4, 9, 2. Na tsakiya 3, 5, 7. Na ƙasa 8, 1, 6. Ko ta ina aka tara, a kwance ko a tsaye ko a karkace, 15 ake samu. Mutanen Sin sun san shi tun da daɗewa, malamanmu kuma suna kiransa hatimin Gazali. Masu hisabi sun lura cewa jimillar gidajen tara 45 ce, daidai da ƙimar haruffan sunan Adamu a Larabci, 15 kuma daidai da ta Hawwa'u. Daga nan hanya ta rabu biyu. Wani ya dubi zanen ya tambayi kansa: me ya sa dole 5 ta zauna a tsakiya? Iri nawa za a iya yi? Wani kuma ya dube shi ya ce a cikinsa akwai sirrin da zai nuna wanda ya saci akuya, ko matar da ta dace a aura, ko ranar da za a fita bida a dawo da arziki.

Babban gwanin wannan zane a tarihin ƙasar Hausa Bakatsine ne, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi. Ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira, kuma a wajajen 1732 ya rubuta littafinsa Bahjatul Afaƙ, inda ya bayyana hanyoyin cika hatimi mai gidaje mara, kamar uku-uku da biyar-biyar da bakwai-bakwai, har da amfani da irin tsallen da doki ke yi a shataranji. Ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar. Masana tarihin lissafi a yau suna ambatonsa cikin masu lissafin Afirka. Shi kuwa a wurinsa lissafin da asirin abu ɗaya ne, har yakan shawarci ɗalibi da ya yi aikinsa a ɓoye, kada ya baza abin da ya sani ga kowa.

Tambayar farko, ta “iri nawa”, an amsa ta a bainar jama'a. Hatimi mai gida tara iri ɗaya ne tak, sauran juyi ne da kifawa. Mai gida 16, wanda kowane layinsa ke ba da 34, iri 880 ne, kamar yadda aka buga a aikin Bafaranshe Frénicle de Bessy a 1693. Mai gida 25 kuwa sai da kwamfuta ta zo: a 1973 Richard Schroeppel ya ƙirga 275,305,224. Duk mai shakka yana iya sake ƙirgawa, kuma an sake, an sami haka. Tambaya ta biyu, ta wanda ya saci akuya, babu wanda ya taɓa kawo hanyar da mutum na biyu zai bi ya tabbatar da amsarta.

Iyakar ke nan. Ƙullin da ɗan Adam ya ƙulla, ko wanda ke cikin tsarin lambobi da halitta, yana da amsar da in an same ta kowa zai iya auna ta, mai imani da marar imani, masoyi da maƙiyi. Gaibu kuwa, Alƙur'ani ya faɗa a suratul An'am da suratun Namli da ƙarshen suratu Luƙman cewa mabuɗansa na wurin Allah Shi kaɗai. Ibn Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi dogon bayani a kan ilimin haruffa a Muƙaddima, ya jingina shi kusa da sihiri. Shehu Usmanu ma a Nurul Albab ya lissafa masu da'awar sanin gaibu ta bugun ƙasa da duban taurari cikin waɗanda suka gauraya addini da abin da ba shi ba. Saɓanin da ke tsakanin malaman ɗariƙa da na Izala a kan rubutun sha da laya daban ne, kuma kowane ɓangare yana da hujjojin da yake kafawa. Mai rubuta aya yana roƙon Allah waraka roƙo yake yi. Amma wanda ya ce lissafinsa ya nuna masa abin da ke zuciyar wani ko abin da gobe za ta haifar, wannan labari yake bayarwa, kuma labari ana tambayar madogararsa.

Labarin raƙuma 17 ya nuna yadda ido ke ruɗuwa. Uba ya bar wasiyyar a ba babban ɗa rabi, na tsakiya sulusi, ƙarami ɗaya bisa tara, ga shi 17 ba ta rabuwa ba tare da an yanka raƙumi ba. Mai hikima, wanda a bakin jama'a ake cewa Sayyidina Ali ne, ya ƙara nasa suka zama 18, ya ba da 9 da 6 da 2, ya ja raƙuminsa ya tafi. Mai ji a karo na farko zai ce karama ce. Mai alƙalami zai tara kason uku ya ga 17 bisa 18 suka bayar, wato tun asali wasiyyar ba ta cinye dukiyar ba. Ba don wasa ba ne al-Hawarizmi, wanda fannin aljabara ya samo suna daga littafinsa, ya ware babban kaso na littafin ga matsalolin gado da wasiyya.

Wannan aunawa da kowa ke iya yi ita ce ta sa aikin taro yake yiwuwa, kuma a nan ne zaurukan wasa na intanet suka nuna ƙarfinsu. A 2008 Jami'ar Washington da ke Siyatil ta fito da wasan Foldit, inda masu wasa ke lanƙwasa siffar furotin a allon kwamfuta don su sami maki. A 2011, cikin mako uku, 'yan wasan suka gano siffar wani furotin na ƙwayar cuta mai haddasa wa birai ciwo irin ƙanjamau, abin da ya gagari masana fiye da shekara goma. Masana suka gwada amsar da bayanan ɗakin bincike, ta yi daidai, aka buga sakamakon da sunayen ƙungiyoyin 'yan wasan a jerin marubuta. Haka kuma wasiƙar sirri mai alamomi 340 da wani makashi da ake kira Zodiac ya aika wa jaridar San Francisco Chronicle a 1969: ta shekara 51 a kulle, sai a Disamba 2020 David Oranchak daga Amurka da Sam Blake daga Ostareliya da Jarl Van Eycke daga Beljiyam suka kwance ta ta hanyar aiki tare a intanet, hukumar FBI ta bi sawunsu ta tabbatar. Mutanen Keita, waɗanda tun 1984 suka jera duwatsu a kan tuddai don tare zaizayar ƙasa, ba sa bukatar a fassara musu wannan: gayya ce, kowa ya kawo dutsensa, in jerin ya karkace ruwan farko zai tona asiri.

Amma taron da ya saba cin nasara yakan manta cewa ba kowane abu ne aka ƙulla don a kwance ba. Bayan harin bam na gasar gudun Boston a Afrilu 2013, dubban mutane a dandalin Reddit suka duƙufa a kan hotuna suna neman masu laifi kamar masu warware wasa. Suka ɗora zargi a kan wani ɗalibi da ya ɓace, aka addabi danginsa, daga baya ta bayyana ba shi da hannu ko kaɗan, har shugabannin dandalin suka nemi gafara. Babu bambanci tsakanin wannan da ƙauyen da aka je wa mai duba a kan sata, ya siffanta “wani dogo baƙi na kusa da gida”, zumunci ya watse a kan siffar da ta dace da rabin gari. Suratul Hujurat ta haɗa mummunan zato da bin diddigin asirin mutane a aya ɗaya ta hana su.

Littafin Allah ma bai tsira daga masu wannan ƙaiƙayi ba. Surori 29 sun buɗe da yankakkun haruffa, kuma da yawa daga masu tafsiri sun tsaya a kan cewa Allah ne Ya san nufinSa da su. Rashad Khalifa, Bamisire masanin kimiyya da ya zauna a Tucson ta Amurka, ya fito a 1974 da da'awar cewa Alƙur'ani duka an gina shi a kan lamba 19. Da ƙirgar ta ƙi daidaita, maimakon ya zargi ƙirgarsa sai ya ce ayoyi biyun ƙarshe na suratut Tauba ba sa cikin Alƙur'ani. Daga bisani ya sanya wa tashin ƙiyama shekara, 2280, ya kuma yi da'awar manzanci. Ɗan dara na gari in ya ga lissafinsa bai fita ba yakan yarda an ci shi. Wannan kuwa ramukan ya sake haƙawa.

Saboda haka tuhuma ta biyu tana da tushe, amma ba a kan wasan ya kamata ta sauka ba. Saurayin da ya saba a ce masa “kawo hujjarka” a zauren wasa, ya ga an rushe amsarsa a gaban abokai ya haƙura ya sake lale, shi ne zai fi wuyar faɗawa hannun mai cewa a turo kuɗi ta waya a buga masa ƙasa, ko mai sayar da “tabbataccen” sakamakon ƙwallo. Abin tsoro shi ne wanda ya iya neman alama amma bai koyi gwada ta ba.

Ga iyaye da malaman zaure da na lakwal a Madawa da Buza da Keita, hana wayar ba zai yi aiki ba, kuma barin ta sakaka ba tarbiyya ba ce. A tsaya a kan sharuɗɗan da magabata suka gindaya: ban da kuɗi, ban da wasa da lokacin salla, ban da cin mutunci. Sannan a shiga fagen da kayan gida. Malamin lissafi ya koyar da hatimi mai gida 25 da hanyar al-Kashinawi, ya faɗa wa yara cewa Bakatsine ne ya rubuta ta kusan shekara 300 da suka wuce. Malamin fikihu ya jefa matsalar gado a zauren WhatsApp na ɗalibansa ya bar su su yi ta fama har Juma'a. Duk wanda ya kawo amsa kuma, babba ne ko yaro, a nemi ya nuna hanyar da ya bi, yadda na kusa da shi zai iya bin ta ya ga ko za ta kai shi wuri ɗaya.